Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitin ilimi na al'ummarmu a Gadarif: a dakata da buga littafin nan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu dattawa, shugaban kwamiti da sauran membobi, ina miƙa gaisuwa irin ta ɗa ga iyayensa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar yaranmu da kuka ɗauka tun lokacin da yaƙin da ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ya cika mana Gadarif da 'yan'uwa daga Khartum da Wad Madani da Sinnar. Ni ne ɗanku mai koyar da ajin kwamfuta na yamma a cibiyar da kuka buɗe. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Abokan koyarwata biyu sun karanta wannan takarda sun amince da ita, haka ma ɗaliban da suka kai ƙarshen zangon farko. Na kuma bi waɗanda suka daina zuwa har gidajensu na ji ta bakinsu, kuma maganarsu ce ta fi yawa a cikin abin da zan faɗa.

Labari ya iske mu cewa a zamanku na ƙarshe kun tsayar da shawarar a ɗauki gudummawar da 'yan'uwanmu mazauna Jidda da Makka suka aiko, a sake buga littafin nan na koyon gina shafin intanet, kowane sabon ɗalibi ya samu nasa. Babu mai shakkar niyyarku. Sau biyu na zo don mu yi maganar baki da baki, aka ce mini an riga an gama, har an yi ciniki da mai injin kwafi. Shi ya sa na rubuta a fili, domin waɗanda suka cire daga guminsu suka aiko su ma suna da haƙƙin ji. Roƙona shi ne ku dakata. Wata huɗu na yi ina koyarwa da littafin nan, kuma na ga abin da ya yi wa yara.

A wata ƙasa, littafi mara kyau ƙaramar asara ce. Yaro ya karanta bai gane ba, sai ya buɗe bidiyo ko ya tambayi wani a intanet, nan da nan a warware masa. Mu ba haka muke ba. Kun tuna Fabrairun 2024, lokacin da layukan waya na Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a ƙasar gaba ɗaya, mutum yana da kuɗi a Bankak, manhajar banki ta waya, amma ba shi da hanyar sayen burodi da su. Ko yanzu da layi ya dawo, wuta tana zuwa tana tafiya, data kuma kuɗi ce da uban yaro zai zaɓa tsakaninta da cefane. Kwamfutocinmu shida ne, ɗalibi yana samun awa ɗaya a kansu idan an yi sa'ar wuta. Sauran lokacin duka littafi ne malaminsa. Shi yake bin sa gida, shi yake dubawa da fitilar waya bayan Isha'i, yana kwafar kod, wato rubutun umarnin da ake ba kwamfuta, a takarda don gobe ya buga a kwamfuta. Idan wannan malamin ya faɗa masa kuskure, babu na biyu da zai gyara masa.

Bari in fara da shekarun littafin. Kwafin da ke hannunmu ba shi da shafin farko, saboda haka babu ranar bugu a jikinsa, amma abin da ke ciki ya isa shaida. Yana koyar da canza launin rubutu da girmansa ta tag ɗin font, da tsakaita rubutu ta center (tag ita ce alamar umarni a HTML, harshen da ake rubuta shafin intanet da shi). Waɗannan biyun tun a HTML 4 na shekarar 1997 aka yi musu alamar a daina amfani da su, aka mayar da aikinsu hannun CSS, harshen da ake ƙawata shafi da shi. Yana da babi guda a kan raba shafi gida-gida da frameset, wanda HTML5 ya cire, shi kuwa HTML5 tun Oktoban 2014 aka tabbatar da shi. Yana da dogon babi a kan Flash, manhajar sa hotuna masu motsi a shafi, alhali kamfanin Adobe ya daina tallafa masa ranar 31 ga Disamban 2020, manyan burauzoji, wato manhajojin buɗe shafukan intanet, kuma sun fitar da shi. Kowane darasi yana ƙarewa da cewa a gwada aikin a burauzar Internet Explorer, wanda Microsoft ta yi wa ritaya ranar 15 ga Yunin 2022. Tsarin shafi kuwa, wato inda za a ajiye kai da gefe da ƙasa, da tebur yake koyar da shi, tebur a cikin tebur a cikin wani tebur. Babu kalma ɗaya a kan Flexbox. Babu a kan Grid, wanda Chrome da Firefox da Safari suka karɓa tun Maris na 2017. Waɗannan biyun hanyoyin tsara shafi ne na CSS, kuma da su ake aikin yau.

Na san abin da wasunku za su ce, domin ɗaya daga cikinku ya faɗa mini a ƙofar masallaci: ilimi ba ya tsufa, littattafan da muka karanta a zaure sun yi ɗaruruwan shekaru kuma har gobe ana karanta su. Haka ne a nahawu da fiƙihu, kuma wani ɓangare na maganar gaskiya ne a nan ma. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya ɗora a cibiyar bincike ta CERN, wanda duniya ta fara gani a 1991, har yau burauza tana buɗe shi. Sakin layi da kanun magana da mahaɗi suna nan yadda suke. Amma a nan ne haɗarin yake. Burauza tana da haƙuri da tsohon rubutu, ba ta ƙin nuna shi. Yaro ya rubuta font, ya ga launi ya fito, ya yi murna, babu abin da zai gaya masa cewa ya koyi hanyar da aka bari tun kafin a haife shi. Ba zai sani ba sai ranar da ya kai aikinsa gaban mai biya.

Haka ta faru da wata ɗalibarmu da ta zo daga Wad Madani, tana shekarar ƙarshe a jami'a yaƙi ya katse mata karatu. Ba ta taɓa fashin aji ba. Ko ranar da ruwa ya sauka, lakar Gadarif ta hana raksha, babur mai ƙafa uku, shiga unguwa, da takalminta a hannu take isowa. Kawunta ya haɗa ta da wani mai shagon turare a Riyad da yake son ɗan shafi na kayansa. Ta yi sati biyu tana aikin, ta bi littafin layi-layi, ta tura. Mutumin ya buɗe a wayarsa kamar yadda kowa yake yi, rubutu ya fito ƙanana kamar tururuwa, in ya ƙara girmansa sai ya ja dama ya ja hagu kafin ya ga farashi. Ya amsa mata cikin ladabi cewa ya samu wani. Laifin ba nata ba ne. Littafin ya ce a kafa faɗin shafi a kan fiksel 800, wato ɗigon allo 800, domin an rubuta shi ne lokacin da allon kwamfutar tebur kaɗai ake tunani. Layi ɗaya na viewport a saman fayil, mai gaya wa waya ta daidaita shafi da allonta, da 'yan layukan CSS masu bin faɗin allo, da sun wadatar da ita. Littafin bai san da su ba. Iyayena, ku taɓa aljihunku: wane ne a cikinmu yake shiga intanet da wani abu in ba waya ba?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar haruffanmu. Littafin ya umarci ɗalibi ya rubuta windows-1256 a saman kowane shafi, ya kuma adana fayil ɗin da wannan tsarin, don Larabci ya fito daidai. Tsohon tsari ne mai gurbi 256 kacal, kowane harafi da gurbinsa. An zuba haruffan Larabci a ciki, da na Turanci, da 'yan wasulan Faransanci, wuri ya cika. Babu ƙ a ciki, babu ɗ, babu ɓ. Wani yaro ɗan shekara goma sha shida ya so ya yi wa mahaifiyarsa shafi, tana ɗinki a gida. Ya rubuta "Barka da zuwa ɗakin ɗinkin Inna". Da ya adana ya buɗe, sai ga "?akin ?inkin Inna". Ya goge ya sake, bai canza ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ustaz, ashe kwamfuta ba ta san Hausa ba?" Na ja kujera kusa da shi, muka canza wannan kalma ɗaya zuwa utf-8, muka adana fayil ɗin da sabon tsarin, ya sake buga haruffan, suka fito tsaf da ƙugiyoyinsu. Ya daɗe yana kallon allon bai ce komai ba. UTF-8 yana ɗaukar boko da Larabci a shafi ɗaya ba tare da ɗaya ya ture ɗaya ba, kuma da shi kusan dukkan shafukan duniya suke aiki yau. Ku yi tunanin yaron da babu malami a kusa da shi a wannan lokacin. Da ya tashi da yaƙinin cewa harshen uwarsa ba shi da wuri a wannan sana'a. Mu da muke fama yaranmu su riƙe Hausa a tsakiyar Larabci, bai dace mu saya musu da kuɗinmu littafin da zai koya musu haka ba.

Kuma yaranmu da harshe biyu za su yi aiki, wasu da uku. Wannan ita ce falalar da suke da ita a kan wasu, domin ɗan Gadarif yana iya yi wa ɗan kasuwar Kano shafi, ya yi wa na Jidda. Littafin bai san komai a nan ba sai tura rubutu dama da align. Shi align layi kawai yake turawa gefe. Abin da yake gaya wa burauza ta ina jimla take farawa, ina aya za ta zauna, wane ginshiƙin tebur ne na farko, shi ne dir, a ba shi rtl idan Larabci ne. Haka lang, a sa ha ga Hausa, ar ga Larabci, don injin bincike da manhajar da take karanta wa makafi allo su san harshen da suke ciki. Babu ko ɗaya a littafin.

Sai kurakuran bugu, waɗanda su ne suka kore mana yara. Da Larabci aka tsara littafin, daga dama zuwa hagu, shi kuwa kod daga hagu yake tafiya zuwa dama. Wanda ya tsara shafukan bai ware kod ɗin daban ba, sai manhajar rubutu ta kwashe alamomin ƙarshen layi ta kai su farko. Layin da ya kamata ya zama alert("Salam"); an buga shi ;("alert("Salam a littafin, kuma irinsa ba su ƙirguwa. Mutum yana karanta jimla mai kuskure ya gane abin da ake nufi. JavaScript kuwa, harshen da aka rubuta wannan layin da shi, baka ɗaya ya kauce sai ya tsaya cak, shafin ma ba zai nuna cewa wani abu ya faru ba. A kan wannan aka ƙara lalacewar kwafi, domin namu daga wani kwafin aka ɗauke shi, har ba a bambance 1 da ƙaramin l, ko 0 da O, ko waƙafi da waƙafi mai ruwa. Hotunan allo sun koma baƙaƙen murabba'ai, a ƙarƙashinsu an rubuta a duba wurin da aka ja wa jan layi.

Akwai wata yarinya mai shiru da take zama a kwamfutar kusa da taga. Kwana uku ta yi a kan misali ɗaya. Kunya ta hana ta ɗaga hannu, ni kuma ina zagaye tsakanin yara ban lura ba, kuma wannan yana damuna har yau. Ta daina zuwa. Da na je gidansu, mahaifiyarta ta kawo mana jabana, wato gahawa, na tambayi yarinyar dalili. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ustaz, kaina ne ba ya ja. Harafi-harafi na bi littafin, bai yi ba." Na ce ta kawo mini littafin rubutunta. Na ɗora shi gefen littafinmu ina dubawa layi bayan layi. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Kuskuren littafin ta kwafa da cikakkiyar amana, kowane baka a inda ta gan shi. Mu mutane ne da aka rena da girmama littafi, ba ma tsallake shi, ba ma ajiye shi a ƙasa. Yaron da ya tashi haka ba zai taɓa zargin abin da aka buga ba, kansa zai zarga. Duk wanda na bi gida cikin waɗanda suka bar ajin, kusan maganar nan ɗaya ya faɗa mini da kalmominsa. Yara ne da yaƙi ya riga ya raba da makarantunsu da abokansu, mu kuma muka miƙa musu abin da ya sa suka ɗauka su daƙiƙai ne.

Ko da an gyara duk waɗannan, tsarin koyarwar kansa a karkace yake. Ku kun fi ni sanin yadda ake fara yaro a makarantar allo: babbaƙu tukuna, sannan farfaru, sannan hajjatu, kuma ba a wanke allo sai malam ya ji karatun ya zauna. Littafin nan ya buɗe da shafuka barkatai na ma'anonin kalmomi, ya bi da jerin tag kamar ƙamus, sannan ba zato ya faɗa rumbun bayanai da PHP, harshen da ake haɗa shafi da rumbun da shi. Babu aikin gwaji a ƙarshen babi. Abubuwan da suke kayar da mai farawa a ranar farko kuwa ko kallonsu bai yi ba: mene ne folda, me ya sa hoto yake ƙin fitowa idan ba a rubuta hanyar zuwa gare shi daidai ba, me ya sa Windows take ɓoye wutsiyar sunan fayil har yaro ya adana index.html.txt yana mamakin abin da ya hana shafinsa buɗewa. Bai taɓa cewa a danna F12 ba, inda burauza da kanta take faɗin layin da kuskure yake. Da yarinyar nan ta san wannan maɓalli ɗaya, da tun ranar farko ta ga jan rubutu yana nuna mata wurin. Yanzu da shi nake buɗe aji.

Akwai kuma babin da ya wuce rashin amfani ya kai ga cutarwa. Yana haɗa shafi da rumbun bayanai ta umarnin mysql_connect da 'yan'uwansa, waɗanda aka cire gaba ɗaya daga PHP 7 a Disamban 2015, don haka a sabar zamani, wato kwamfutar da ake ɗora shafi a kanta, misalin ko tashi ba zai yi ba. Wannan ma da sauƙi. Abin tsoron shi ne ɗabi'ar da yake dasawa: duk abin da baƙo ya rubuta a akwatin shiga, a ɗauka a manna kai tsaye cikin umarnin da ake aika wa rumbun. Mai mugun nufi sai ya rubuta guntun umarni a maimakon sunansa, rumbun ya yi masa biyayya ya buɗe masa komai. Kalmar sirri kuma a fili yake ajiye ta yadda mai ita ya rubuta, alhali PHP yana da password_hash, umarnin da yake ɓad da kamar kalmar sirri kafin a ajiye ta, tun 2013. Bai ambaci HTTPS ba, tsarin da yake kulle bayanai a hanyarsu tsakanin baƙo da shafi, ga shi tun Yulin 2018 Chrome yake rubuta wa duk shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne, kuma cibiyar Let's Encrypt kyauta take ba da takardar shaidar da ake kafa shi da ita. Ku tuna irin aikin da ake nema a garin nan yanzu: rajistar 'yan gudun hijira, jerin marasa lafiya a ɗakin shan magani, sunayen masu karɓar tallafi da lambobin wayarsu. Idan ɗanmu ya gina irin wannan da darasin littafin nan, sirrin bayin Allah da suka riga suka rasa gidajensu ne zai zube, kuma mu da muka koyar da shi muna da kaso a cikin alhakin.

Kada a fahimce ni cewa duk sabon littafi shi ne magani. Wani ɗalibi ya kawo mini wani da aka turo masa, bugun kusa-kusa, mai kyan bango. Tun babi na biyu ya tsallake HTML da CSS ya shiga React, wani kayan aikin JavaScript na gina shafuka, ya ce a sauke kayan aiki na ɗaruruwan megabait kafin a rubuta layi ɗaya, ta wata manhajar farawa da masu React da kansu suka sanar da barinta a Fabrairun 2025. Misalansa duka suna janyo fayiloli daga intanet, layi ya ɗauke shafi ya watse. Wannan ma ba namu ba ne.

Ga abin da muke roƙo a wurinku.

Kafin komai, a tsayar da bugun, a riƙe kuɗin. Na san an zaɓi littafin ne saboda yana hannu, ba sai an saya ba, amma araha ba ta ado, kuma takarda da tawada a kasuwar yau ba abin da za a zuba a kan babin Flash ba ne. Idan an riga an ba mai injin kafin alƙalami, a roƙe shi ya riƙe mana har abin da za a buga ya samu.

Muna roƙon ku kafa ƙa'ida ɗaya da za ta hau kan kowane littafi, har da wanda mu za mu rubuta: kada a buga sai an gwada. Gwajin ba shi da wuya. A ɗauko yara uku da ba su taɓa rubuta kod ba, a zaunar da su gaban kwamfutar da aka cire wa intanet, a ba su babi ukun farko, malami ya zauna gefe ya kame bakinsa. Idan abin da suka buga bai yi aiki ba, littafin ne ya faɗi. Bayan wannan a duba ko akwai shekarar bugu a jikinsa, ko yana amfani da UTF-8, ko shafin da ya koyar yana zama daidai a waya, ko an ware kod ɗinsa daga hagu zuwa dama da haruffa masu faɗi ɗaya, ko akwai aikin gwaji bayan kowane darasi. Duk wannan aikin yamma ɗaya ne.

Babban roƙonmu shi ne ku ba mu wata biyu mu rubuta ɗan littafi namu, wanda bai wuce shafi sittin ba, HTML da CSS da ɗan JavaScript kaɗan a ƙarshe. Ba daga kanmu za mu ƙago ba. Bayanan MDN, jagorar masu gina shafi da Mozilla mai Firefox take kula da ita, suna ƙarƙashin lasisin da ya halatta a fassara a rarraba, muddin an faɗi inda aka ɗauko kuma an bar wa wasu irin wannan damar, kuma a kansu za mu auna kowane layi. Maganar harshe kuwa mu faɗa wa kanmu gaskiya: yawancin yaranmu da Larabci suka yi makaranta, Hausarsu a baki take, karanta ta da boko sai a hankali. Saboda haka muna so bayani ya zo da sassauƙan Larabci a shafi ɗaya, da Hausa a shafin da ke fuskantarsa. Zai ƙara takarda, mun sani, amma yaron zai fita da sana'a ya kuma fita yana karanta harshensa. Kalmomin kod za mu bar su da Turancinsu, domin da su burauza take ba da saƙon kuskure, kuma dole idonsa ya saba da su. Misalan kuma daga nan za mu ɗauko: teburin farashin riɗi da dawa a kasuwar amfanin gona, wanda shi ne ainihin aikin tebur, da shafin ɗakin ɗinkin Inna, da jadawalin darussan masallaci da harshe biyu. Darasin farko ya ƙare yaro yana kallon sunansa a burauza, na biyar ya ƙare yana buɗe shafinsa a wayar mahaifinsa. PHP da rumbun bayanai su jira zango na biyu, idan ƙafa ta tsaya.

A ware wani abu daga kuɗin a sayi 'yan filash na USB, a zuba fayilolin misalai da manhajar rubuta kod da bayanan da ake karantawa ba tare da layi ba, yadda yaro zai gwada abin da ya buga da na asali ya gano inda suka saɓa. A buga kaɗan, iya na zango ɗaya, da shekara da wata a bango, a bar shafi fari a ƙarshe inda ɗalibi zai rubuta duk kuskuren da ya tsinta ya kawo mana. A rubuta a shafin farko da manyan baƙaƙe cewa littafin nan yana iya yin kuskure, idan ka bi shi daidai bai yi aiki ba ka zo ka faɗa. Tsofaffin kwafin da ke hannun yara kuma ba mu ce a zubar ba, za mu karɓa mu yi alama a kan babobin da ba za a bi ba.

Muna kuma roƙon a ba malami ɗaya da ɗaliba ɗaya kujera a duk zaman da za a yanke shawarar littafi. Na ce ɗaliba da gangan, domin 'yan matan ne suka fi yin shiru idan abu ya gagare su, kuma su ne aka fi saurin cewa su zauna a gida tunda karatun bai karɓe su ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, iyayena. Ba shugabanci muke nema ba, so muke wanda ya taɓa buga misalin da hannunsa ya kasance a ɗakin lokacin da ake magana a kansa.

Sannan waɗanda suka bar ajin. Idan ni na ce su dawo, za su ɗauka lallashi ne na malami. Idan ku kuka aika gidajensu, ko kuka faɗa bayan sallar Juma'a cewa an duba an ga littafin ne yake da matsala, kujerunsu kuma suna nan ba tare da sabon kuɗin rajista ba, iyayensu za su sake su. Yarinyar kusa da taga ta ce mini za ta dawo idan babanta ya ji daga bakin kwamiti.

Ranar Alhamis mai zuwa bayan La'asar zan kasance a cibiya da littafin da kwamfuta a kunne, mun tanadi batir ko da babu wuta. Ina roƙon shugaba, ko duk wanda ya wakilta, ya zo ya buɗe littafin a shafin da ya ga dama, ya karanta mini misalin ina bugawa a gabansa harafi-harafi yadda yaran suka yi. Daftarin darussa ukun farko na namu ma zai kasance a kan tebur, a yi masa irin wannan gwajin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗanku, mai koyar da ajin kwamfuta na yamma,
a madadin malamai da ɗaliban cibiya,
Gadarif.